'Yarki Tana Jami'a: Idan Aka Matsa Mata, Ina Za Ta Kai Kuka?

Darasinmu na wannan fitowar ya shafi kusan kowane gida, domin kuwa a yau da wuya ki shiga gida goma ba ki tarar da mai 'ya ko ƙanwa ko 'yar riƙo a jami'a ko kwalejin ilimi ko makarantar koyon jinya ba. Wani gidan ma uwargidan ce da kanta take ɗaukar goyo ta tafi lakca. Idan yarinya za ta koma makaranta muna iya bakin ƙoƙarinmu, a daka yaji, a soya manja, a haɗa garin kunu da ƙuli-ƙuli, a bi ta da nasiha har bakin mota: ki kama kanki, ki riƙe sallah, ban da ƙawayen banza. Duk wannan daidai ne. Amma mu nawa ne a cikinmu muka taɓa zaunar da ita muka ce, wance, idan wani ya matsa miki a can, ga abin da za ki yi, ga wurin da za ki je? Galibinmu ba mu faɗa ba, saboda mu ma ba mu sani ba.

Matsin da nake nufi iri-iri ne. Akwai na lakcaran da zai riƙa kiran ɗaliba ofis ba gaira ba dalili, ya rufe ƙofa, ya riƙa turo mata saƙo da tsakar dare, daga ƙarshe ya nuna mata cewa makinta yana hannunsa. Akwai na ma'aikacin ofis da zai danne mata fayil sai ta ba shi lambar waya. Akwai na ɗalibi ɗan uwanta da ta ce ba ta so, shi kuma ya sha alwashin sai ya ɓata mata suna, ya riƙa bin ta, ko ya haɗa hotonta da na tsiraici ya watsa a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Sannan akwai wanda ba mu cika ɗauka da muhimmanci ba, wato cin zalin da mata ke yi wa junansu a ɗakin kwana: a haɗe wa yarinya kai saboda talaucin gidansu, ko don Turancinta bai nuna ba, ko don ta sa niƙabi, ko don ta ƙi bin su yawo, a riƙa yi mata habaici da dariya har ta gwammace ta kwana a masallaci. 'Ya'yanmu maza ma ba su tsira ba, musamman daga barazanar 'yan ƙungiyar asiri da masu ƙwace, kuma yawancin abin da zan faɗa ya shafe su.

Me ya sa suke yin shiru?

Ki fara gane irin ƙarfin da malamin jami'a yake da shi a kan ɗalibi. Shi ne ya koyar, shi ya fitar da tambayoyi, shi ya duba takarda, shi ya rubuta maki. Idan kwas ɗin na dole ne, ba ta da hanyar kauce masa, in ya kayar da ita baɗi ma shi za ta tarar. Idan kuma shi ne mai duba mata aikin binciken shekarar ƙarshe, to sai ya sa hannu za ta fita. Yarinya 'yar shekara 18 ko 19 ta san wannan sarai, ta kuma san kuɗin da mahaifinta ya sha wuya kafin ya haɗa.

Amma wallahi 'yar uwa, sau da yawa ba tsoron lakcaran ne ya fi rufe mata baki ba, tsoron gida ne. Ta san da ƙyar aka yarda ta shiga jami'ar, ta san akwai baffan da ya ce boko lalata mata yake yi, yana nan yana jiran ranar da zai ce ai na faɗa. Ta san idan ta buɗe baki abu na farko da za ta ji shi ne, me ya kai ki ofishinsa? Wace shiga kika yi? Na biyu kuma, tattaro kayanki ki dawo, aure za a yi miki. To wa zai kai ƙara inda shi za a hukunta? Sai ta haɗiye, ta rame, sakamakonta ya lalace, mu kuma muna nan muna cewa aljanu ne ko sammu.

Don haka ofishin farko da 'yarki za ta kai kuka ke ce, kuma abin da ya fito daga bakinki a minti biyar na farko shi zai nuna ko za ta ƙarasa miki labarin ko za ta ce wasa take yi. Ki saurare ta har ta gama. Kada ki yi salati ki ɗora hannu a ka, kada ki hau ta da tambayoyin tuhuma. Ki ce mata kin yarda da ita, kin ji daɗi da ta faɗa miki, kuma ba za a yi komai a bayan idonta ba. In akwai gyaran da za ki yi mata game da shiga ko mu'amala, yana nan zuwa, amma ba ranar ba.

Na san za a ce ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muna koya wa 'ya'yanmu hijabi da kamun kai saboda umarnin Allah ne, ba mu fasa ba. Sai dai masu hijabi har ƙasa ma ana matsa musu, matan aure masu ciki ma ana matsa musu. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito labarin wata mata a zamanin Manzon Allah (SAW) da ta fito za ta sallah wani ya auka mata. Ta yi kururuwa, ta faɗa wa mutanen da suka wuce, magana ta je gaban Annabi (SAW), kuma bai ɗora mata laifi ba, bai tambaye ta me ya fito da ita ba. Wadda ta fito sallah ke nan.

Kai ƙara tonon asiri ne?

Wannan tambayar tana yawan fitowa a ajin matan aure, kuma masu yin ta da kyakkyawar niyya suke yi. Sun ji falalar suturta Musulmi, sun ji azabar giba, suna tsoron kada garin neman haƙƙi a ɗauki zunubi. To a saurara. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i, wadda ta nuna Allah ba ya son a bayyana mummunar magana, ita ce kuma ta keɓe wanda aka zalunta. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, na farkonsu shi ne wanda aka zalunta ya kai kuka wurin mai iko ko alƙali. A cikinsu kuma akwai neman taimako don kawar da ɓarna, da gargaɗin mutane daga sharrin wani. Suturar da aka kwaɗaitar da mu ita ce ta mutumin da ya yi kuskure tsakaninsa da Ubangijinsa ya ɓoye. Wanda ya mayar da ofishinsa tarko, bana ya kama wannan baɗi ya kama waccan, rufa masa asiri taimaka masa ne a kan 'yar wata.

Sharaɗin shi ne gaskiya. Ta faɗi abin da ya faru kamar yadda ya faru, ba ƙari ba ragi. In magana ya yi, ta ce magana ya yi, in hannunta ya kama, ta ce hannu ya kama. Kada haushi ko zugar ƙawaye ya sa ta ƙara gishiri, domin ƙazafi babban zunubi ne, kuma ƙarya ɗaya idan aka gano ta tana rusa gaskiya goma. Haka nan kai kuka wurin mai iko daban, watsa sunan mutum a Facebook ko TikTok daban. Na biyun yana iya juyewa ya zama ita ake tuhuma da ɓata suna.

Hujja kafin ƙara

Ki tuna ƙissar Annabi Yusuf (AS). Magana ta zama tsakanin matar mai gida da bawan gida, ita tana da matsayi shi ba shi da kowa, kuma ba wanda ya ga abin da ya faru a ɗakin. Me ya raba gardama? Riga. Aka duba ta ina ta yage, ta gaba ko ta baya. A yau rigar 'yarki ita ce wayarta.

A shekarar 2018 wata ɗalibar digiri na biyu a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ta naɗi muryar wani farfesa a waya yana neman ta da lalata kafin ya gyara mata maki. Jami'ar ta kore shi, hukumar ICPC ta gurfanar da shi, a watan Disamba na shekarar Babbar Kotun Tarayya da ke Osogbo ta ɗaure shi shekara 2. A 2019 sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC ya tura 'yan jarida mata da ɓoyayyar kyamara Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana da ke Legon, abin da suka ɗauko ya sa aka dakatar da malamai a jami'o'in biyu, daga baya Jami'ar Legas ta kori biyu. 'Yar jaridar da ta gabatar da shirin, Kiki Mordi, ita kanta ta bayyana cewa matsin wani lakcara ne ya raba ta da karatun jami'a. A 2023 kuma ɗalibai mata na tsangayar shari'a a Jami'ar Kalaba suka fito da kwalaye suna zanga-zanga a kan shugaban tsangayarsu, aka dakatar da shi, ICPC ta kai shi kotu a Abuja, a 2025 aka yanke masa shekara 5. A shari'arsa ma saƙonnin da aka ciro daga waya sun taka babbar rawa. Kin ga ke nan ba gaskiya ba ne a ce ba a taɓa hukunta manya. Ana yi, amma duk inda aka yi za ki tarar akwai abin da aka riƙe a hannu.

Saboda haka abu na farko da za ki ce wa 'yarki shi ne kada ta goge komai. Yarinya mai kunya idan aka turo mata maganar banza hannunta rawa yake yi ta goge don kada wani ya gani, alhali hujjarta ce take zubarwa. Ta ɗauki hoton saƙon yadda lambar mai turowa da rana da lokaci za su fito, ta tura wa wayarki ko ta yayarta, don waya tana ɓata, ana kuma ƙwace ta. Ta samu ɗan littafi ta riƙa rubuta duk abin da ya faru a ranar da ya faru: ran kaza, ƙarfe kaza, a wuri kaza, ya ce kaza, wance tana wurin. Bayan wata shida idan aka zaunar da ita gaban kwamiti, kai ba zai riƙe wannan ba. Ta adana takardun gwajin da aka mayar mata da duk shaidar cewa tana halartar lakca, saboda abin da mai irin wannan hali ya saba cewa shi ne daƙiƙiya ce, ta faɗi ne take neman wanda za ta laƙa wa. Sannan sau ɗaya, a rubuce, cikin ladabi, ta gaya masa ba ta so, ya daina. Ba zagi, ba doguwar hira. Daga nan kada ta sake shiga ofishinsa ita kaɗai, ta riƙa tafiya da ƙawa, ko ta tsaya a bakin ƙofa a buɗe. Wannan ya dace da abin da addini ya koya mana game da keɓancewa, kuma ƙawar ta zama shaida.

Gargaɗi ɗaya: kada ta ce za ta ɗana masa tarko da kanta, ta bi shi otal ko gida don ta ɗauki hoto. Wannan ganganci ne. In za a yi irin wannan, aikin jami'an tsaro ne.

Ƙofofin da ke cikin makaranta

Kowace jami'a tana ba sabon ɗalibi littafin dokoki lokacin rajista. Yawancin yaranmu a ƙasan akwati yake ƙarewa. Ki ce ta kawo miki shi wannan hutun ku duba tare, domin a ciki ne aka rubuta laifuffuka da hukuncinsu da inda ake kai ƙorafi, kuma tsarin wata makarantar ya sha bamban da na wata.

Idan rigimar ta ɗakin kwana ce, akwai matar da ke kula da ginin da shugabar ɗalibai ta wurin, a samansu kuma akwai ofishin kula da harkokin ɗalibai. Wannan ofishin shi ne uban ɗalibai a makaranta, yana iya sauya wa yarinya ɗaki, ya kira masu cin zalin ya ja musu kunne, ko ya tura su kwamitin ladabtarwa. Kada ki raina sauya ɗaki, sau da yawa shi kaɗai ya isa yarinya ta dawo hayyacinta. Idan akwai barazana ko duka ko bibiya, ofishin tsaro na makaranta za ta nufa a ranar, a rubuta a littafinsu.

Idan malami ne, tsani yana farawa daga malamin da ke kula da 'yan ajinsu, sai shugaban sashe, sai shugaban tsangaya, sai magatakardan jami'a da shugaban jami'a. Amma ba dole ba ne ta taka kowane mataki. In wanda take ƙara abokin shugaban sashen ne, ko shi ne ma shugaban, ta tsallake. Jami'o'i da dama yanzu suna da rubutacciyar doka a kan neman ɗalibai da lalata da kwamiti na musamman da ke karɓar irin wannan ƙara a asirce, wasu kuma suna da cibiyar nazarin al'amuran mata, kamar wadda ke Jami'ar Bayero a Kano. A jami'o'in tarayya akwai ofishin SERVICOM, tsarin da gwamnati ta kafa tun 2004 don karɓar koken jama'a a kan ma'aikata. Akwai kuma sashen ba da shawara, inda za ta zauna da wanda aka horar ya saurare ta ko da ba ta shirya kai ƙara ba tukuna.

Ko wace ƙofa ta zaɓa, a rubuce za ta kai. Ƙorafin baki iska ne, gobe a ce ba a ji ba. Ta rubuta takarda gajera mai kwanan wata, ta yi kwafi biyu, a buga mata hatimin karɓa a kan nata ta riƙe. A cikin takardar ta roƙi abu biyu a fili: a cire takardun jarrabawarta daga hannun wanda take ƙara, kuma in shi ke duba aikin bincikenta a sauya mata wani. Idan ya riga ya kayar da ita, galibin jami'o'i suna da tsarin neman a sake duba takarda, a biya wani kuɗi a ba wani malamin daban ya duba. Wannan yana da wa'adi bayan fitowar sakamako, don haka ba a jinkiri. Sai dai ta auna kanta da gaskiya kafin ta nema, ta tabbata ta rubuta abin kirki.

Kada kuma ta tafi ita kaɗai. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda aka kafa tun 1954, tana da reshe a kusan kowace babbar makaranta, da ɓangaren mata da Amirarsu, kuma suna da iyaye a cikin malamai. Malama mace mai mutunci a sashen, ko limamin masallacin jami'a, idan suka raka yarinya ofis ana sauraronta da wani kunne daban. Wani amfanin kuma, ta nan ne ake gano cewa ba ita kaɗai ba ce. Mai wannan hali da wuya ya tsaya a kan mutum ɗaya, kuma ƙarar mutum uku ba a ture ta kamar ta mutum ɗaya.

Idan makaranta ta yi burus

Yana faruwa. Wani lokaci a kafa kwamiti a yi ta jan ƙafa har yarinya ta gaji. To akwai hukumomi a waje. ICPC tana ɗaukar neman ɗaliba da lalata a bakin maki a matsayin cin hanci da amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba, da wannan ta gurfanar da malaman Ile-Ife da Kalaba da na ambata a sama, kuma ana iya rubuta mata koke kai tsaye. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, dukkansu suna da ofisoshi a jihohi kuma ba a biyan kuɗi. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana tsaya wa mata marasa ƙarfi kyauta. Ta fuskar doka, akwai dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 da ake kira VAPP, wadda ta haramta bibiya da tsoratarwa da cin zarafi ta hanyar lalata. Ta tarayya a Abuja take aiki, hukumar NAPTIP ke kula da ita, jihohi da yawa kuma sun yi tasu, kamar Kaduna a 2018 da Bauchi a 2020. Wanda kuma yake yi wa yarinya barazana ta waya, ko ya ce ta ba shi kuɗi ko kanta in ba haka ba ya watsa hotonta, dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta hau kansa, 'yan sanda suna da sashe na musamman a kan wannan. Kada a biya shi ko sisi, wanda aka biya sau ɗaya gobe ma zai dawo.

Hisba fa? A jihohin da take, tana da amfani wurin saurayin da ya addabi yarinya a unguwa ko a gidan haya na wajen makaranta, a kira shi da iyayensa a yi masa iyaka. Amma ba ta da ikon korar lakcara ko gyara maki, wannan sai hukumar makaranta.

Idan abin ya kai ga fyaɗe

Allah ya tsare mana zuri'a, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan wannan ya faru, asibiti ne farko, kafin taron dangi, kafin neman wanda ya yi. Akwai maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar ƙanjamau, amma sai an fara shan sa cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Akwai sauran magungunan kariya da likita zai bayar, su ma suna da ƙayyadadden lokaci. In da hali kada ta yi wanka, kada a wanke kayan da ke jikinta kafin likita ya duba, a sa su a takarda ko ambulan, ba leda ba. Na san wannan yana da nauyi, domin abin da zuciya ke so a lokacin shi ne a wanke komai a manta. In ma ta riga ta yi wankan, a je duk da haka. Akwai cibiyoyi na musamman da ke yin wannan aiki kyauta cikin sirri, da likita da mai kwantar da hankali a wuri ɗaya: cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano, cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, cibiyar Nana Khadija a Sakkwato. Inda babu, asibitin makaranta ko babban asibitin gwamnati.

A nan ma fiƙihunmu bai ce a yi shiru ba. Malaman Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, suna ba da nauyi ga matar da ta nemi agaji a lokacin da abin ya faru ko ta zo da alamar rauni, fiye da wadda ta yi shiru sai da ciki ya bayyana. Wato ɓoyewar da muke yi da sunan rufin asiri ita ce ke raunana 'yarmu, a kotun shari'a da ta boko baki ɗaya.

Bayan magani kuma sai jinyar zuciya. Idan kin ga ba ta barci, tana firgita, ta daina cin abinci, ko tana cewa gara ta mutu, kada ki ɗauka shagwaɓa ce. A yi addu'a, a yi azkar, a kuma kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa, ɗaya ba ya hana ɗaya. Zuwa wurinsa ba ya nufin hauka.

Masu zuwa ban haƙuri, da maganar maigida

Da zarar takarda ta shiga, za ki ga baƙi. Za a turo dattawa, wani lokaci har da malamai, a ce mutumin nan yana da mata da 'ya'ya, kada a raba shi da abincinsa, a yi haƙuri a bar wa Allah. Yafiya abu ne mai kyau, amma haƙƙin wadda aka zalunta ne, ba na baffanta ba, kuma yafiyar da aka matsa wa mutum ya yi ba yafiya ba ce. Ko ta yafe nata, sauran 'yan matan da za su zauna a ajinsa baɗi ba ta da ikon yafe nasu. In iyali sun ga janyewa ce maslaha, to aƙalla kada a janye sai an tabbatar a rubuce cewa makinta da aikin bincikenta sun fita daga hannunsa. Kuma kada a karɓi kuɗi, ranar da aka karɓa an sayar da bakin magana.

Shi kuma maigida, ke kika san mijinki. Bai kamata a ɓoye masa ba, shi ne waliyyinta, kuma zuwan uba makaranta da kansa yana sa a ɗauki magana da gaske. Amma ki zaɓi lokaci, ki je masa da hujja da shawarar matakin da za a ɗauka, ba da kuka kaɗai ba. Abu biyu za ki yi ƙoƙarin karewa: kada ya ɗauki doka a hannunsa ko ya tura yayyenta su yi duka, don nan take mai laifi zai koma mai ƙara, sannan kada ya ce ta bar karatu. Idan aka cire ta, an hukunta wadda ba ta yi laifi ba, an bar mai laifi a kujerarsa, an kuma koya wa ƙannenta cewa duk abin da ya same su su yi shiru. In zaman makarantar ya gagara, ana iya neman ɗage karatu na shekara ɗaya a rubuce, ko neman sauyi zuwa wata jami'ar da sakamakon da ta riga ta tara.

Ke kuma 'yar uwa da kike karatu da aurenki, naki ya fi wuya ta wani gefen, domin kina tsoron kishi ya sa maigida ya ce karatun ya isa haka, ko ma ya fara zarginki. Duk da haka gara ya ji daga bakinki tun saƙo na farko, da wayar a hannunki kina nuna masa, da ya tsinci saƙon da kansa bayan wata uku. In kina ganin ba zai tsaya ya saurara ba, ki fara sanar da mahaifinki ko yayanki ko wata babba da yake jin nauyinta, ku same shi tare, sannan ki roƙe shi ya raka ki ofishin da za ki kai takardar.